Sukarin Iya Kande

"Cokali nawa kika zuba, Iya?"

"Yo ni ƙirgawa na yi? Na dai zuba har raina ya kwanta."

Ikilima ta durƙusa gaban kwalaben da ta jera a ƙarƙashin gadon kakarta. Kumfa ta taso ta jiƙa audugar da ta toshe bakunansu, ɗakin duk ya ɗauki warin ƙullun koko da ya kwana. Tun da yajin aikin malamai ya rufe jami'a ta kwaso su zuwa Daura, a rungume a cinya cikin mota, don kada binciken digirinta na biyu ya mutu a ɗakin gwajin da babu wuta. Yis ne a ciki, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Rabin kwalaben ta wadata su da sukari, rabi kuma ta ba su ɗan kaɗan da gangan. Abin da take son nunawa shi ne, ƙwayar da ta ji abinci ya yawaita takan zabura ta yi ta girma, ruwan da take ciki ya yi tsami, ta tsufa da wuri. Wadda aka rage wa kuwa sai ta lallaɓa, ta daɗe.

Ta tsoma 'yar takardar gwajin tsami a cikin kwalbar masu yunwa. Ta fito ja wur. Yanzu babu bambanci tsakaninsu da masu ƙoshi, aikin watanni ya tafi.

"Iya, kin kashe ni," in ji Ikilima.

"Ke, kar ki ɗora mini!" Iya Kande ta gyara ɗaurin zaninta. "Da bakinki kika ce mini masu rai ne. Da bakinki kika ce kina horar da su da yunwa. A ɗakina? Ni da ko akuyar maƙwabta ba ta shigo gidan nan ta fita ba ta lasa dusa ba? Ke kin tafi bikin suna a Baure kina cin shinkafa, bayin Allah na nan ƙarƙashina ba su karya ba. In an tambaye ni gobe kiyama, me zan ce?"

Dariya ta ɓarke a bakin ƙofa. Mansur ne, yayan Ikilima, mai kantin magani a Kongolam. Ya daɗe yana son ta bar karatun ta je ta riƙe masa kantin.

"Allah ya saka, Iya, kin hutar da mu," ya ce yana share ƙwalla. "Ikilima, mun yi da ke, in wannan ya lalace kin haƙura. Ki haɗa kayanki, gobe mu wuce. Mutanen Nijar na layi a kanti, ke kina nan kina renon kumfa."

Ikilima ta sake sunkuyawa ƙarƙashin gadon. Tana jawo kwalaben ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Ta san kowacce. Ta tuna ranar da ta fara leƙa su a madubin gwaji, ƙananan ƙwayoyi kowacce da ɗan tsiro a gefenta, yadda ƙirjinta ya cika har ta kasa magana. Wa za ta faɗa wa haka bai yi mata dariya ba?

Can jikin bango hannunta ya taɓa wata. Ta jawo ta. Audugarta a bushe take, ruwan a kwance, babu kumfa.

"Wannan fa, Iya?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Sukarin ne ya ƙare. Da yau zan sa a sayo mata."

Ikilima ta rungume kwalbar, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Kwalba ɗaya?" in ji Mansur. "Sai ki koma farko ke nan. Ga yajin aikin da ba ranar ƙarewa. Ki yi wa kanki faɗa, yarinya."

Iya Kande ta matso tana leƙen kwalbar da tausayi. "Wai ke da gaske kike, mai cin kaɗan ya fi daɗewa?"

"A yis dai haka nake zato, Iya. Shi nake son tabbatarwa."

"Ƙarya ne. Ni da ƙoshi na kawo yanzu, na binne sirarai da yawa. Nawa masu ƙoshi za su ga bayan naki."

"Tsohuwa, sai mun gani!"

Ikilima ta miƙe, ta goge fuska da gefen mayafinta, ta dubi yayanta ido cikin ido. Ba ta taɓa yi masa haka ba.

"Yaya, ka yafe mini, na janye maganata. Ba zan je Kongolam ba. Daga wannan kwalbar zan sake tayar da su gaba ɗaya. Masu ƙoshi su zauna wurin Iya, da sukarin da ni zan auna. Masu yunwa kuwa a ɗakina za su kwana, kuma yau ɗin nan zan sayo kwaɗo."