Bangon Tsakiya

"Goge shi," in ji Bernadine. "Kazimir, na ce ka goge shi tun muna shaida juna."

"Alli ne fa, Bernie. Alli ya taɓa rushe gida?"

"Da alli ka fara a ɗakin wanka. Hau ka leƙa ɗakin wankan yanzu."

Tana tsaye a bakin kicin da tukunyar shayi a hannu, shi kuma yana durƙushe a gaban bangon tsakiya, wanda ya raba falo da ɗakin cin abinci, yana kallon murabba'in da ya zana kamar mai jiran a buɗe masa taga. Duk inda Kazimir ya zana irin wannan, to kafin mako ya zagayo wurin ya zama rami. Ta kira shi gara mai cin gida. Ya ce gara ba ta san abin da take nema ba, shi ya sani. Ta ce ai shi ya sa garar ta fi shi daɗin zama. Muryoyinsu kuwa har gida na uku, don a layinmu na Baltimore gidaje manne suke da juna, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai fara yi maka sannu.

Gidan na Bernadine ne, ba na mijin ba, kuma duk layin an san haka. Kakanta Ignas ne ya saye shi kango, ya gyara shi da hannunsa bayan ya taso daga aiki a kamfanin taba na bakin tashar jiragen ruwa. A nan aka haifi uwarta, a nan aka haife ta. Aikin Ignas a kamfanin shi ne cusa kati a kwalin taba, irin ƙananan katunan nan masu hoton 'yan wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, da ake sakawa don kada karan taba ya karye. Waɗanda suka saura yakan zubo su a aljihu ya taho da su gida. Ba don yana son wasan ba, wai ko sau ɗaya bai taɓa zuwa kallo ba. Sanyi yake gudu. Duk wata kafa da iska ke shigowa sai ya danna mata kati da tsohuwar jarida, ya bi da filasta ya shafe.

Babu wanda ya tuna da wannan sai da bututun ruwa ya fashe a wani hunturu, aka fasa bangon ɗakin wanka, katunan suka zubo cikin baho. Kazimir a lokacin bai daɗe da barin aikin masana'antar ƙarfe ba, ba ya komai sai zama a matakalar ƙofa yana fasa ƙaguwa yana shan giya. Bernadine da kanta ta tattara masa su a kwano, ta ce ga abin wasa nan ka rage zaman banza. Har yau in ta tuna da kwanon nan sai ta ciji yatsa.

Katunan jeri ne na hamsin, kowanne da lambarsa a baya. Cikin shekara uku Kazimir ya ɓamɓare bangon ɗakin baƙi, da na matakala, da na bayan gadonsu, da silin ɗin kicin. Ya koyi zaro kati da matsefata, ya koyi riƙe shi ta gefe, ya daina shan taba a cikin gida, abin da likita da Fadan cocinsu suka kasa sa shi. Ya haɗa arba'in da tara. Saura lamba sha tara. Kuma ba shi kaɗai ba, duk masu wannan hauka na tara katunan taba, daga nan har bakin ɗaya tekun, babu wanda ya taɓa ganin lamba sha tara. Ko fuskar wa ke jikinsa ba a sani ba. A cikin akwatin gilashin da ya jera nasa ya bar masa gurbi, tsakanin wani mai gashin baki da wani mai kunnuwa kamar faifai. Bernadine ba ta son kallon gurbin nan. In ta zo share ƙura takan ɗora tsumma a kansa.

Ita ce ta fara lura da gidan ya canza. Ruwan wanka ya daina kwanciya daidai a baho, gefe ɗaya ya fi zurfi. Dunƙulen zarenta in ya faɗi a ɗakin sama, kullum tsakiyar gida yake gangarawa. In ta bar man shanu a buɗe, kafin ta dawo farar ƙura ta rufe shi. Ran Lahadi bayan coci matar Hruska ta maƙwabta ta ja ta gefe ta ce tsaga ta fito a nata ɓangaren, siririya kamar gashi, daga saman hoton mijinta marigayi har silin, kuma wai tana ƙara tsawo. Bernadine ta ce tsufan gida ne. Ta dawo ta kasa cin abinci.

Yanzu bango ɗaya ya rage da ba a taɓa ba, shi ne na tsakiya. Shi ne kuma wanda Ignas ya hana a buga wa ko da ƙusa. Bernadine tana ƙarama ta ga ya fizge guduma daga hannun uwarta don ta tashi rataye kalanda a wurin. Bai faɗi dalili ba, shi ba mai faɗin dalili ba ne. Ita dai ta taso da sanin cewa bangon nan shi ke ɗauke da bene. Kuskurenta, ta ba Kazimir labarin don ta tsorata shi. Sai ta ga idanunsa sun yi haske.

"Mutum ba ya hana buga ƙusa sai in akwai abin da ba ya so ƙusa ta huda," in ji shi a hankali.

Ana cikin wannan rigimar ta safiyar Asabar aka ƙwanƙwasa. Orville Stump ne, abokin haukan Kazimir, wani mai sayar da inshora da ya yi ritaya, mai takalmi kullum yana ƙyalli, wanda bai taɓa zuwa gidan mutane da ko biskit ba. Shi ma arba'in da tara gare shi, saye da musaya ya haɗa nasa. Duk Asabar yana tafe, wai ya zo gaisuwa, idonsa na kan bango.

Bernadine ta tare shi a matakala ta ja ƙofar a bayanta. Ta ce ya gaya mata tsakaninsa da Allah, akwai katin nan ko babu. Orville ya cire hula ya shafa sanƙonsa. Ya ce a gaskiya shi a ganinsa babu. Ya ce dabarar masu taba ce ta wancan zamanin, su ce kati hamsin ne su buga arba'in da tara, yara su yi ta matsa wa iyaye su sayi taba suna neman abin da ba a halitta ba. Ya ce ya yi shekara talatin yana nema, da akwai da ko ƙamshinsa ya ji. Ta kama hannun rigarsa ta ce to ya shiga ya maimaita wa Kazimir haka, kalma da kalma, in ya yi za ta dafa masa naɗin kabeji har ya mutu. Ya ce ba komai, 'yar'uwa, ki bar min shi.

Ya shiga, ya ga allin. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bernadine na bayansa tana ganin yadda wuyansa ya yi ja.

"Kaz, wasu na cewa ba a buga shi ba," in ji Orville. Ya gyara murya. "Wasu kuma na cewa an buga, ɗan wasan ya yi wani abin kunya, kamfani ya ce a ƙone su duka kafin su fita. To in an ce a ƙone, wa za a miƙa wa? Ai mai cusa kati."

"Orville, ba haka muka yi da kai ba."

"Na faɗa masa duka biyun, Bernie. Zaɓi nasa ne."

Ta kira shi da sunan da ba zan rubuta ba. Kazimir ya miƙe, ya dafa kafaɗarta, ya yi mata magana da muryar da yake lallashinta da ita tun suna samari. Ya rantse da kabarin uwarsa filasta kawai zai cire, tafin hannu biyu, can sama kusa da silin. Ba zai taɓa katako ba. In bai ga komai ba yau ɗin nan zai shafe, ya kuma fara toshe sauran ramukan, ta ma zaɓi fentin da take so. Ta dube shi. Gashinsa ya yi fari da ƙura, ya rame, rigar da ta saya masa bara tana yawo a jikinsa. Ba ta ce e ba. Ta dai zauna a kujera da tukunyar shayin a cinya, shayin ya huce tuntuni.

Ya hau tsani. Filastar ta fi ta sauran bangayen kauri, yana bugu tana zubowa gutsure-gutsure. Kowane bugu sai kofunan da ke cikin kabad su amsa. Ya ɓalle siraran katakon da ke ƙarƙashi, ya zura tocila. Babu jarida, babu komai, sai duhu da warin tsohon gida. Bernadine ta fara sakin numfashi. Sai ta ga ya daina motsi.

"Orville," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Zo ka gani."

Ita ma ta tashi. Daga ƙasan tsani ana iya gani. A cikin bangon akwai ginshiƙi na katako, a kansa kuma babbar azarar da ta ɗauki bene ta kwanta. Ashe ginshiƙin ya yi gajarta, bai kai azarar ba. Ignas bai sake yanko wani ba. Kati ya ɗebo, damƙi guda mai kaurin yatsa biyu, ya cusa a tsakani ya cike giɓin. Nauyin shekaru ya danne su sun zama kamar dunƙulen itace, sai gefensu ake gani, layi a kan layi, duk launi ɗaya. Ba fuska, ba lamba. Ɗakin kwanansu, da gadon ƙarfe, da bahon, da kabad ɗin uwarta, duk a kan wannan damƙin suke zaune.

"Ka ga dalilin ƙusa," in ji Bernadine. "Ka gani da idonka. Sauko."

Kazimir bai ji ta ba. Ya ce duk iri ɗaya ne, dubi gefen, kati ɗaya ne aka maimaita. Ya ce wane kati mutum zai samu damƙi guda iri ɗaya, in ba wanda aka ce ya ƙone ba? Orville ya ce zai iya zama kowanne, zai iya zama mai kunnuwan nan. Ya lashi leɓe ya ƙara da cewa ba a sani ba sai an zaro. Kazimir ya sa matsefata ya kama na tsakiya ya ja. Katin bai motsa ba. Wani abu a sama ya yi ƙara, ƙarama, kamar mutum ya juya a kan gado. Ba kowa a sama.

Su ukun suka ɗaga kai. Wata siririyar ƙura ta zubo daga silin ta sauka a kan takalmin Orville.

Kazimir ya sauko yana magana da sauri. Ya ce abu ne mai sauƙi, jak ɗin mota zai ɗauko, ya kafa gungume a kai, ya ɗaga azarar kaurin farce kawai, ya zare katunan, ya mayar da katako a gurbin. Minti nawa ne. Bernadine ta tuna masa rantsuwar da ya yi. Ya ce ai ba katako zai taɓa ba, kati ne. Ta ce sauran bangayen da za su taya wannan riƙo shi ya cinye su. Ta ce matar Hruska na zaune a bayan wancan bangon da ƙafa ɗaya mai ciwo. Ta ce a kira magini ran Litinin. Ya ce magini zai yaga su, magini bai san yadda ake riƙe kati ba.

Orville ya duba agogo. Ya ce bari ya ɗan matsar da motarsa daga ƙofar gida, kada ta tare wa mutane hanya. Layin nan fa babu wanda ya taɓa tare wa wani hanya a cikinsa. Ya fita a kan yatsun ƙafa, ya bar hularsa a kan tebur, bai dawo ɗauka ba.

Bernadine ta saurari takun mijinta yana sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, ta ji yana jan ƙarafa. Ta dubi falon da aka kawo ta ranar da aka yi mata baftisma, babu bango ɗaya mai lafiya, haƙarƙarin gidan duk a waje. Ta ajiye tukunyar shayin. Ta ɗauki kwat ɗinta da jaka, ta buga bangon maƙwabta da tafin hannu ta ce wa matar Hruska ta sa takalmi ta fito yanzu, ba sai ta tsaya neman haƙoranta ba.

Kazimir ya hauro rungume da jak, yana haki.

"Riƙe min tocila kawai, Bernie. Hannu biyu nake buƙata."

"Ajiye shi ka biyo ni, Kaz."

"Shekara uku. Kina ganin sa, ga shi can."

"Ina ganin sa."

Ta jira. Ya durƙusa ya fara gwada inda zai kafa jak ɗin a kan daɓen katako, yana matsar da shi kaɗan hagu, kaɗan dama, harshensa a waje kamar ɗan makaranta. Bai ɗago ba. Ya sa tocilar a baki ya cije.

Bernadine ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a kan mariƙi, ta san sarai abin da ke rataye a saman kan mutumin nan, ta san ya kamata ta rufe a hankali. Ta ja ƙofar da dukan ƙarfinta ta buga.