Ragowar Kasko

Likita bai ɓoye wa Auta komai ba. Ya juyo mata da katin Baba, ya ɗora bakin biro a kan lambobin, kilo huɗu ya zube cikin wata biyu. Ya ce ciwon mantuwa ba ya kashe tsoho da gaggawa, amma yunwa tana yi. Idan suka dawo awo ranar Alhamis ta sama aka ga ya sake raguwa, gado zai ba shi, a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Auta ta ce to. Me za ta ce? Baba yana zaune a gefenta yana jera wa likita takardun tebur, ko a jikinsa.

Abin da likita bai sani ba shi ne akwai alkawari tsakaninta da Baba. Shekara uku da suka wuce, lokacin da Baba ke da sauran wayonsa, ya je duba wani abokinsa a asibiti ya tarar an sa masa robar nan, an kuma ɗaure hannuwansa a jikin gado don kada ya fizge ta. Ranar da ya dawo gida ya kira Auta ɗakinsa, ya ce ko me zai same shi kada ta bari a yi masa haka. Ta amsa masa da sauri, irin amsar wanda bai taɓa zaton ranar za ta zo ba.

Auta tana aiki a shagon gilashin ido, ita ke yanka kwalba ta zaunar da ita cikin firam. Ƙarfe shida ake rufewa, kuma mai shagon irin mutanen nan ne da sai shida saura minti biyar suke tuna akwai aikin da ba a gama ba. Mota biyu take hawa kafin ta isa gida. Takan tarar da maƙwabciyarsu, wadda ke zama da Baba da rana, ta riga ta sa takalmi tana jira a bakin ƙofa, labarin kuma ɗaya ne kullum: ya sha shayi rabin kofi, ya ture sauran.

Saboda haka girkin kasko ɗaya ya zame mata dole. Ko jaka ba ta ajiyewa sai ta kunna wuta. Cinyar kaza huɗu, ta barbaɗa gishiri, ta kwantar da su ta wajen fata har su yi ja su saki mai. Ta kwashe, ta zuba albasa da tafarnuwa da citta a man, sannan tumatir, sannan shinkafa kofi biyu da ta wanke tun safe. Ruwa kofi uku, ta mayar da kazar a sama, ta rufe, ta rage wuta. Cikin minti ashirin ɗin da ya rage take canza wa Baba riga ta ba shi magani. Abinci ne da ba ya ba mutum kunya, ƙamshinsa har matattakalar bene.

Sai ta yi abin da duk 'yar kirki za ta yi. Ta zaɓi cinyar da ta fi tsoka, ta zare ƙashin, ta zuba a farantin da ya fi kyau, ta kai wa mahaifinta kafin kowa ya taɓa. Baba ya kalli farantin, ya kalle ta, ya tura shi gefe da bayan hannu. Ta lallasa, ta yi fushi, ta yi kamar za ta yi kuka, ta yi kukan gaske. Ta canza shinkafa, ta rage citta, ta ƙara ruwa don ta yi laushi. Yayanta, wanda ke wani gari kuma ya ƙware wajen renon tsoho ta waya, ya ce ta gwada kifi. Ta gwada kifi.

Ranar Lahadi wani tsohon abokin aikin Baba ya zo gaisuwa. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana shugaban masu girki a makarantar kwana, yana ciyar da yara ɗari huɗu sau uku a rana, wannan mutumin kuma shi ke yanka nama a kicin ɗin, har yau Mai Wuƙa ake ce masa. Baba bai gane shi ba, amma ya ba shi kujera. Mai Wuƙa yana zaune Auta ta kawo farantin, aka ture shi kamar kullum. Baƙon ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ke ma da neman magana. Shugaba za ki kai wa abinci a faranti, yana zaune, tun ba a raba ba?"

Ya ce tun da yake bai taɓa ganin Baba ya ci abinci kafin yaro na ƙarshe ya karɓi nasa ba. Shi ke riƙe ludayi, shi ke rabo, idan layi ya ƙare sai ya tsaya a gaban tukunya ya kankare abin da ya rage ya ci a tsaye. Ran da bai rage ba, ya sha ruwa. Duk wanda ya kama yana taɓa abinci kafin rabo, ranar sai ya gwammace bai zo aiki ba.

Auta ta ji kamar ta mari kanta. A gidan ta girma, amma ba ta taɓa ganin ubanta yana cin abinci ba sai ran hutu, da ma a makaranta yake ci ya dawo. Wata biyu ke nan tana zagin mutum da ladabi ba ta sani ba. Daren ranar ta yi barci da sauƙin zuciya, karo na farko tun da suka baro wurin likita.

Ranar Litinin da shinkafa ta tsotse, ta ɗaura wa Baba tawul a ƙugu ta miƙa masa ludayi. Hannun da ke rawa idan zai ɗauki kofi sai ga shi ya tsaya cak. Ya buɗe murfi, ya kawar da fuska daga tururi, ya caka ludayin a tsakiya ya duba ƙasa. Ya ce wuta ta yi yawa kaɗan. Sannan ya kalli faranti biyu da ta ajiye, ya tambaya ina sauran yara. Ta ce suna zuwa. Ya rufe kaskon ya tsaya jiransu, ludayi a hannu, har ƙafafunsa suka gaji ta zaunar da shi. Yaran ba su zo ba, shi ma bai ci ba.

Ranar Talata ta fito da duk farantan gidan, guda bakwai, ta jera a kan tebur. Ta ce yara suna ɗakin cin abinci, ita aka aiko ta kai musu. Baba ya kalli kaskon sau ɗaya, ya kalli farantan, ya fara zubawa. A nan ne ido ya raina fata. Mutumin da ba ya iya tuna sunan 'yarsa ya raba shinkafa kofi biyu da cinya huɗu gida bakwai daidai wa daida, ko ƙwaya bai bari ba. Ta kwashi farantan ta kai ɗakinta ta jera a kan gado, ta dawo ta ce kowa ya ci. Ya yi murmushi, ya kankare ɗan abin da ya kama a gindin kasko. Cokali uku ne, ta ƙirga.

Ta koma ɗaki ta juye faranti biyu a kwano, ta faki idonsa ta mayar cikin kaskon, ta ce ga ragowa nan an manta. Baba ya leƙa. Fuskarsa ta canza, ya ce wannan ba ragowa ba ce, rabon wani ne, akwai yaron da bai samu ba. Ya rufe, ya jawo kujera ya zauna gadin abincin, yana tambayarta ko yaron ba shi da lafiya ne. Da ƙyar ta raba shi da wurin.

Ranar Laraba ta roƙi mai shago ya sake ta ƙarfe biyar, ya sake ta yana ƙunƙuni. Ta dafa kofi huɗu a maimakon biyu, ta rage farantan zuwa uku, ta kuma bar wutar da gangan don ƙasan ya kama sosai. Lissafinta shi ne ba yadda za a yi faranti uku su cinye wannan tulin. Baba ya cika su har suna zuba, ya danna da bayan ludayi ya ƙara, ya ce yau yara sun yi sa'a. Sauran da ya ƙi shiga ya nemi kwano da kansa ya juye, ya ce na masu ƙari ne.

Sai ya tsaya yana kallonta. Ya kalli wuyanta, ya kalli hannunta da agogo ke yawo a jiki, don ita ma rabonta da cin kirki tun ranar da aka fara wannan fama.

"Ke 'yar wane aji ce?" ya tambaya.

"Ajin ƙarshe, Baba."

"Shi ya sa. Karatu ya hana ku ci. Zauna nan, a gabana za ki cinye."

Ya tura mata faranti mafi cika, ya zare mata ƙashin kazar da yatsunsa. Ta ce su ci tare, ya ce ba a haka. Ta ɗebo loma ta kai bakinsa, ya kama hannun a hankali ya juya shi zuwa nata bakin. Ba ta da yadda za ta yi, ta ci. Tana ci hawaye na zuba cikin shinkafar, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa ta ci a hankali, ba mai ƙwace mata. Abincin ya yi daɗi, wannan ma ya ƙara mata baƙin ciki. Da ta cinye ya koma ga kaskon ya kankare. Yawancinsa ya ƙone ya yi baƙi, ya ware wannan gefe, ya ci cokali huɗu. Ya gode wa Allah, ya kai kaskon wurin wanke-wanke ya jiƙa shi da ruwa.

Auta ba ta buƙatar ma'auni ya gaya mata abin da za a gani gobe. Wandon da ta rage masa makon jiya ya sake yin yawa. Ta kira Yaya ta ce ya taho da sassafe. Ya fara cewa ko za a gwada ƙwai, ta ce ya taho kawai, ta kashe wayar.

Ta shiga ɗakin Baba ta sauko da ƙaramar jaka daga kan kabad. Riga uku, tawul, buroshi, takalmin roba. Yana zaune a bakin gado yana bin hannunta da ido. Ya tambaya tafiya za a yi? Ta ce eh, shi zai yi tafiya, ta kwana biyu ce kawai. Ta so ta ce masa ta tuna abin da ya roƙe ta, ta kuma yi iya ƙoƙarinta, amma wanda ta yi wa alkawarin ba ya nan balle ta nemi gafararsa. Wannan da ke zaune damuwarsa daban ce.

"To wa zai raba wa yara gobe?"

"Ni zan raba, Baba."

Ya auna ta da ido, kamar yadda yake auna sabon ma'aikaci. Sannan ya gyaɗa kai.

"Ki fara da ƙanana," ya ce. "Wanda kika ga ya ƙi ci, kada ki matsa masa. Ki bar shi, shi ya san abin da ke damunsa."

Ta ce to, ta ja zif ɗin jakar.