Irin Tumatirin Alice

Shekara biyu a jere Baban Mercy yana kashe tumatir a gidansa, ni kuma ina kallo ta kan katanga. Maƙwabcina ne a nan Mubi, tsohon ma'aikacin ofis. Tun da na san shi, in ya dawo daga aiki kujerar robarsa yake hawa a kusa da ƙofa, ya buɗe jarida. Lambun na matarsa ne, Alice. Da ta rasu ta bar masa irin tumatirinta a kwalbar magani, wani ɗan ƙarami mai tsami da ta zo da shi daga gidansu a Betso. Ni kayan miya nake sayarwa, kuma ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Shekarar farko ya shuka a gindin katanga. Ya ja igiya, layi ya miƙe sambal. Duk abin da ya tsiro ba da izininsa ba sai da ya tumɓuke, har da ɗaɗɗoyar Alice da albasarta. Tumatir ya yi fure, ya yi yaushi, ya kwanta. Shekara ta biyu ya koma wurin, wannan karon da taki buhu guda. Tumatir ya mutu a ƙoshe.

Bana da ruwa ya sauka na hango shi da igiyarsa, ya sake nufar gindin katangar. Raina ya ɓaci. Na ajiye tsintsiya na zagaya.

"Baban Mercy, iri nawa ya rage?"

Ya zazzage kwalbar a tafin hannu, ya ƙirga da farce. "Goma sha tara, Adda."

"To, in ka sa su a nan, baɗi kwalba za ka shuka."

Na tuna masa saiwar bara, duk ƙulli-ƙulli kamar carbi. Na ce ciwon yana cikin ƙasa yana jira, ba a maimaita wa tumatir wuri. Tattasai da gauta ma kada ya sa, 'yan gida ɗaya ne. Ya zuba gyaɗa, ƙasar ta huta.

Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "A nan take shukawa. Da idona na gani. Ba zan canja mata wuri ba."

"Wace shekara ka gani?"

"Shekarar da ta kwanta ciwo. Ni nake ban ruwa."

"Kafin nan fa?"

Ashe bai sani ba. Shekara talatin da ɗaya suka yi tare da Alice. Wallahi sai ya ba ni tausayi, amma ban fasa ba. Na zagaya da shi gidan nasa kamar baƙo. Na nuna masa yadda take yi: in bana gindin katanga, baɗi bayan kicin, sai gefen kejin kaji, sai wuri na huɗu, sannan ta dawo. Inda tumatir ya tashi, gyaɗa ko masara ta zauna. Ciyawar da yake tumɓukewa kuwa, ita ta shuka da hannunta. Takan ce warin ɗaɗɗoya da albasa yana ruɗa ƙwari.

Ya naɗe igiyarsa a hankali. "Adda, da tana nan, bana ina za ta sa?"

Na ƙirga da yatsu, ya faɗa kan wuri na huɗu. Na nuna masa kusa da ƙofa, daidai ƙarƙashin kujerarsa.

Ya kalli wurin, ya kalli kujerar.

"Shi ya sa," in ji shi. "Sai a yi 'yan shekaru lafiya, rana ɗaya ta ce in ɗage kujera. Mu yi kwana uku ba ma magana. Na ɗauka neman rigima ne."

Ya miƙa mini kwalbar in riƙe masa, ya ɗauki kujerar da kansa ya kai ta gindin katanga.