Kalmar Ƙarshen Zagaye

Dakta Khaula ta sunkuya daidai kunnen Malam Yohanna ta sake yi masa tambayar da Turanci, a hankali. Jijiyar hannun da ake jona masa injin wankin ƙoda ta toshe. In za a ci gaba, sai an huda wuya an sa bututu, kuma yau ɗin nan, don ƙafafunsa sun riga sun kumbura. In kuwa ya gaji, za a ba shi maganin rage raɗaɗi a sallame shi. Ba ta ɓoye musu cewa zaman gidan ba zai yi tsawo ba.

Laraba, matarsa, tana tsaye a ƙarshen gado tana murza bakin zanenta. Tun da ɓarin jikin Yohanna ya shanye bara, Hausa ta gudu daga bakinsa, harshensu na Kagoro ya bi ta, Turancin ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Mutumin da a da in ya shiga aji sai an buga ƙararrawa an sake bugawa kafin ya yi shiru, yau kalma guda sai ya yi gumi.

Ya daɗe yana kokawa da leɓensa. Da kalmar ta fito, ba likita ya kalla ba, matarsa ya kalla.

"Continue," ya ce.

Elisha, babban ɗansu da ya iso daga Abuja jiya, ya ɗaga hannu sama yana gode wa Ubangiji. Ya ce dama ya sani, Baba ba rago ba ne. Likita ta ce za a shirya ɗakin aiki bayan azahar, amma sai Mama ta amince da bakinta tukuna. Laraba ta ce za ta sha iska, ta fita.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa a ɗakin nan Turanci ya ji, wato a ci gaba, ita kuwa Fotran ta ji, tsohon harshen nan na ba na'ura umarni da mijinta ya koyo a Zariya yana saurayi, zamanin da ake huda kati a jera a akwati a kai wa inji mai girman ɗaki. Shi ya yi ta koyarwa a Sakkwato har ya yi furfura, har aka cire darasin daga manhaja, aka bar shi da fushinsa. Fushin kuwa gida ya kawo shi. A gidansu na unguwar Gawon Nama babu wanda bai sha jin labarin ba, da tuwo a baki: yadda wasu Amurkawa suka gaji da yi wa inji magana da lambobi zalla, suka ƙirƙiro harshen da mai lissafi zai iya karantawa. Yara su yi ta haƙuri har miya ta huce. Ita kanta ta sha ce masa da na'ura aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta yo.

Kuma in rigima ta haɗa su, ta zagayo kan magana ɗaya ta sake zagayowa, sai ya ɗaga tafin hannu ya ce mata kalmar nan. Farkon aurensu ta ɗauka cewa yake ta ci gaba, ta kuwa ci gaba da iyakar ƙarfinta. Sai da ya zaunar da ita yana dariya ya ce a harshen na'ura wannan kalma nufinta zagaye ya kai ƙarshe.

Tana zaune a gindin dogon yaro, zafi na tasowa daga ƙasa, sai ga Malam Junaidu ya sauka daga babur ɗin kabu-kabu da kwanon fura a leda. Ofis ɗaya suka zauna da Yohanna har suka yi ritaya. Daga Ƙofar Rini yake tasowa kusan kullum, ya zauna gefen gado ya yi ta hira shi kaɗai, furar kuma masu jinya su sha tunda mai ita an hana shi. Bayan sun gaisa ta gaya masa abin da ya faru, ta roƙe shi ya faɗa mata gaskiya. A ranta kuwa ba gaskiyar take so ba. So take ya ce mata Turanci ne kawai irin na kowa.

Malam Junaidu ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Maman Elisha, harshen ga dut umurni na," ya ce. "Yi kaza, tahi can, tsaya. Waɗanda sunka tsara shi ko don Allah ba su sa mai ba. Amma kalmag ga ita kaɗai ta ba ta sa inji shi yi komi. Alama ta, wurin da zagaye ka ƙarewa. In inji ya iso nan sai shi waiwaya shi duba abin da anka hwaɗi can sama. In da saura, shi koma. In ƙidaya ta cika, shi hita."

Ya dube ta, ya sassauta murya.

"Mi yac ce miki can sama, tun bakinai na buɗe?"

Ba sai ta yi dogon tunani ba. Ranar da aka fara yi masa wankin, suna cikin keke a hanyar gida, ya jingina da ita kamar tsumma. Ya ce muddin hannu na ɗauka zai jure. Ranar da aka ce sai an huda wuya, to ta kwashe shi ta kai shi Kagoro, ya kwanta inda zai riƙa ganin dutse. Ta yi masa faɗa a lokacin, ta ce mugun baki ne, kuma ba ta taɓa gaya wa yaran ba. Yanzu ma ba ta gaya wa Malam Junaidu ba, amma ya karanta a fuskarta.

Don ya rage mata nauyi sai ya ce ai akwai wata kalmar daban ta tsayawa cak, kuma ba ita Yohanna ya faɗa ba. Wataƙila ta ɓace masa ne, wataƙila kuma Turancin yake nufi, Allah kaɗai ya san zuciya. Laraba ta yi masa godiya. Amma ta san mijinta. Dattijon coci ba zai buɗe baki a gaban ɗansa ya ce a bar shi ya mutu ba. Ya lalubo kalmar da za ta wuce ta kan kowa ta sauka a kunnenta ita kaɗai, ya ɗora mata kayan ya koma ya kwanta. Ta ji haushinsa ƙwarai, haushi irin na da, har ta so a ce yana da bakin da za su yi ta.

Ta tuna kujerarsa a tsakar gida, da rediyon da ba wanda ya iya kama tasharsa sai shi. Ta tuna cewa ko yanzu da ba ya magana, in ta shiga ɗaki ta ji numfashinsa sai hankalinta ya kwanta. Tsoro ya kama ta. Ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa.

Malam Junaidu ya tafi masallacin asibiti da aka kira salla. Ita ta koma ciki. Elisha yana waya a baranda yana shaida wa ƙannensa cewa Baba da kansa ya ce a ci gaba. Ta wuce shi ta zauna a bakin gado, ta kama hannun Yohanna mai lafiyar. Ya damƙe yatsunta, idonsa a kanta, fuskarsa a sake kamar wanda ya isar da saƙo ya huta.

Dakta Khaula ta shigo da masu tura gado a bayanta.

"Mama, me kika yanke?"

Laraba ba ta kalli mijinta ba. Ta kafa ido a kan ƙarfen gadon.

"A ci gaba," ta ce. "Ai kun ji daga bakinsa."

Elisha ya rungume kafaɗarta. Masu turawa suka saki birkin ƙafafun gadon. A cikin tafinta ta ji yatsun Yohanna suna sakinta ɗaya bayan ɗaya, ya zare hannunsa a hankali ya ɗora a kan ƙirjinsa, ya juya fuska wajen bango. Ta bi gadon har ƙofar ɗakin aiki tana riƙe da takalmansa, bai waiwayo ba.