Jotin Sabuwar Sakatariya

Shekara goma sha tara Baba Direba yana jan motar kamfanin, ba wanda ya taɓa sa masa ido sai da aka kawo sabuwar sakatariya. Duk sanda za a kai takardu, ita ce a kujerar gaba, da wani ɗan littafi a cinya. Ya taka birki, ta rubuta. Ya sha kwana, ta rubuta.

Ran nan haƙurinsa ya ƙare. "'Yata, me kike ta rubutawa haka?"

"Ba komai, Baba. Jotin nake yi."

Bai san kalmar ba, kuma yadda ta rufe shafin da tafin hannu bai kwanta masa ba. Da ya ba maigadi labari, sai maigadi ya ce ai da irin wannan rubuce-rubucen aka sallami tsohon masinja. Tun daga nan Baba Direba ya kama bakinsa, ko gaisuwa sai ya auna.

Ranar Alhamis sakatariyar ta manta littafin a ƙarƙashin kujera. Ana tashi hutun rana ya zarce makarantar da babbar 'yarsa ke koyarwa, ya sa aka kira ta bakin ƙofa. Ya miƙa mata littafin, ya tambaye ta mene ne jotin.

"Jot Turanci ne, Baba," in ji ta. "Mutum ya ɗan rubuta abu a gaggauce, kalma biyu uku, don kada ya manta. Ba rahoto ba ne."

"Don kada ta manta ta gaya wa wa? Karanta mini."

Ta buɗe tana dariya. Sunayen tituna ne, da hawan benen da kowane ofis yake, da inda ake samun wurin ajiye mota. Sai ta juya shafi, dariyar ta ɗauke.

"Talata, ya wuce jar danja. Laraba, ya sake. Ko idonsa ne? A gaya wa manaja? A dakata tukuna."

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, gaskiya ne?"

Ya karɓe littafin daga hannunta. Wata uku ke nan yana ganin fitilun hanya dishi-dishi, ko matarsa bai gaya wa ba.

Ya mayar da littafin inda ya tsince shi. Washegari ya nemi izinin rabin yini, 'yar ta raka shi asibitin ido. Ranar Litinin ya zo aiki da tabarau. Sakatariya ta ce ya yi masa kyau, ya ce ya gode. Ba a kira shi ofishin manaja ba, amma har yau bai saki jiki da ita ba.