Kwalekwalen da Kauhane Bai Ƙarasa Ba

Kwana huɗu da rasuwar Kauhane masassaƙi, ɗansa Kaipo ya sauka daga Las Vegas. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce rumfar sassaƙa, ya yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe kwalekwalen da shi.

Lehiwa, ƙanwarsa, tana tsaye a bakin rumfar da ƙwaryar poi, tuwon gwaza, a hannu. Shekara goma sha shida rabon da ta gan shi a wurin nan, tun ranar da Baba ya kama shi ya buga ƙusa guda a jikin wani jirgi maimakon ya ɗaure da igiyar kwakwa, ya ce masa ya ajiye gizago ya fita.

"Da wannan za mu kai tokar gawarsa teku," in ji Kaipo, yana shafa jikin itacen koa. "Sati uku ya ishe ni in ƙarasa."

"Sannu da hanya, Yaya. Ga abinci."

"Na ce da wannan za mu kai shi."

"Akwai tsohon jirginsa na kamun kifi. Lafiyarsa ƙalau."

"Mai warin kifi? Mutumin da ya sassaƙa wa yankin Kona gaba ɗaya jirage, shi za ki ɗora a kan wancan tarkacen?"

Ta ajiye ƙwaryar a bakin rumfar. Akwai abin da ta sani game da itacen nan.

Shekara biyar da suka wuce ita ta raka Baba dajin kan dutse, ranar da aka kayar da itacen. Da ya faɗi, masu saran suka gangara cin abinci, aka bar su su biyu suna jiran tsuntsun elepaio. Kowa a garin ya san wannan jiran, don Baba ya koya wa duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa: in ɗan tsuntsun ya sauka ya taka itacen daga gindi zuwa kai ya tashi, itace ya yi, in kuwa ya tsaya ya kai masa sara da baki, akwai tsutsa a ciki, sai a bar wa daji abinsa. Tsuntsun ya zo. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya wajen gindi, ya shiga sara kamar an aiko shi. Baba ya daɗe yana kallo. Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ya san ba zai sake hawa dutsen nan ba. Ya ɗaga hula ya kori tsuntsun.

"Ba ki ga komai ba," ya ce mata.

Mutum arba'in suka jawo itacen zuwa gaɓa da igiya da waƙa. Baba ya yi shekara biyu yana sassaƙa, yana kewaye wajen gindin nan, daga baya ya rufe da tamfol. Mutane suka ce ciwo ne ya hana shi.

Washegari rumfar ta cika da tsofaffin abokan tuƙinsa. Kaipo ya riga ya sha kansu. Kawu Palani, ƙanin mahaifiyarsu, har ya kawo dutsen wasa gizago.

"Kawu, ku bar jirgin nan," in ji Lehiwa. Muryarta ba ta fita sosai ba, sai da ta maimaita.

"Saboda me, 'yata?"

"Baba bai so a taɓa shi ba."

Kaipo ya yi dariya. "Kun ji? Ita ce mai fassara mana Baba yanzu. Malama mai digiri. Ke da ko riƙon gizago ba ki iya ba."

"Ni na wasa masa su shekara goma sha shida, Yaya. Kai kana can kana raba wa mashaya karta a gidan caca."

"Iye! Ashe bakin yana aiki." Ya juya wajen mutane. "In gaya muku gaskiya? So take ya zauna a nan a rufe, ita kaɗai ke riƙe da mabuɗi, baƙi su zo ta yi musu lacca. Tun yana raye ta mallake shi, ya mutu ma ba za ta sake shi ba."

"Kai, Kaipo, kama bakinka," in ji Kawu Palani. "Tokar ubanku tana cikin gida tana jin ku."

"To ta faɗi dalili, Kawu. Dalili ɗaya."

Duk suka zubo mata ido. Ta dubi jirgin. Mutum shida za su zauna a ciki, Kawu Palani a baya, su wuce inda igiyar ruwa ke karyewa a kan duwatsu. Ta san inda zai fara tsagewa. Ta kuma san abin da za a riƙa faɗi a shagon kifi daga gobe, a kan mutumin da ya shekara hamsin yana cewa kada a yi wa tsuntsu gardama.

Ta miƙa hannu ta ciro gizagon Baba daga bango.

"Ajiye!" Kaipo ya daka mata tsawa. "Ba hannunki ba ne wannan."

Ta kewaya gindin jirgin, ta auna taku biyu daga ƙarshe, ta ɗaga da hannu biyu ta sauke. Bakin gizagon ya nutse har ƙota. Da ta fizge shi, gari ja-ja ya zubo mata a kan ƙafa, ga ramukan tsutsa jere kamar saƙar zuma.

Kawu Palani ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa a ramin, ya murza garin.

"Elepaio ya zo ranar?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ya zo."

"Ya sara?"

"Ya sara."

"Kauhane ya gani?"

Ta gyaɗa kai.

Wani tsoho ya cire hularsa, ya mayar, ya fita ba sallama. Biyu suka bi shi.

Kaipo ya tsaya yana kallon ramin. "Ƙusa ɗaya," ya ce. "A kan ƙusa ɗaya ya kore ni, a gaban mutanen nan. Ke kuma kin sani, shekara biyar, kina aiko mini da hotonsa yana koya wa mutane al'ada."

"Ce mini ya yi ban ga komai ba."

"Da sai ki ja ni gefe jiya ki faɗa mini."

"Da ka yarda?"

Kaipo ya karɓe gizagon daga hannunta da ƙarfi, ya goge bakinsa da rigarsa, ya rataye shi a inda yake. Kawu Palani ya jawo tamfol ya rufe jirgin.

Ranar Asabar ta uku aka kai tokar da tsohon jirgin nan mai warin kifi. Mutane sun zo, amma ba kamar yadda aka zata ba. Kaipo ya zauna a gaba da tulun tokar a cinyarsa, Lehiwa tana bayansa tana tuƙi. Da suka wuce duwatsu ya buɗe tulun ya zuba rabi, sannan ya miƙo mata ta kan kafaɗa, bai waiwayo ba.