Gidan Tarihin Ciyaman

Tun da aka kafa kwamitin yawon buɗe ido a garinmu, aka ba Zainulabideen shugabanci, gaɓar kogi ta daina zama tamu. Ya ce baƙin da ke tsallakowa daga Benin hoton kogin Kwara suke so, ba hayaƙi ba. Aka rushe murahun da mata ke bandar kifi, har da na matata Sabuwa, aka kafa rumfa da kujerun roba. Sabuwa ta dawo da bandarta tsakar gida, nesa da masunta, nesa da masu saye. Ni da rigunana muka koma warin tarwaɗa.

Saboda ina jin Dandanci, yaren mutanen bakin iyaka, da guntun Faransancin cinikin shinkafa, sai kwamitin ya ɗauke ni ɗan jagora. Aka ba ni hula mai baki. Da hular da tumbina, ko akuya sai ta sake waiwayo.

A taron gari Zainu ya kafa doka: duk gidan da baƙi suka yi wa sallama, a buɗe musu, a ba su abin sha, a bar su su ɗauki hoto. Na tafa fiye da kowa.

Ranar kasuwar Lolo mota ta sauke baƙi. Na ce zan nuna musu gidan da ya fi kowanne tsufa a Bagudo, na nufi gidan Zainu da su. Wani ya ce ai bulo ne, fentin ma sabo. Na ce ƙasar tana daga ciki. Muka same shi a zaure yana barcin rana, daga shi sai zane, baki buɗe. Aka ɗauke shi ta kowace kusurwa. Ya farka zai yi faɗa, ya hango maƙwabta a kan benci sun zuba ido. Ya ce, “Sannunku da zuwa.” Matarsa, Hajiya Mashkura, ta dama furar mota guda, ana leƙa mata tukwane.

Kowace mota ta zo, can nake fara kai ta. Rannan ya tare ni a hanyar masallaci.

“Albashir, don Allah mi na yi ma?”

“Ranka shi daɗe Ciyaman, dokarka nika bi.”

“Hajiya ta ce in aka sake kawo mata baƙo, Kaoje za ta tahi, gidansu.”

“Ka ji daɗi. Ni tawa tana nan, tana banda a ƙohwar ɗakina.”

Ya juya ya wuce masallaci. Kafin kasuwa ta zagayo, magina suka tayar da murahun a bakin kogi, na Sabuwa a wurinsa na da. Na je na tsaya har na ga hayaƙinta ya tashi, masunta sun kewaye ta. Na yi hamdala.

Da azahar kuma na kai masa ɗaliban kwaleji mota biyu, na ce su nemi ganin makewayi, shi ne mafi tsufa.